Goggon Banki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Goggo ta riga mu wata ranar Laraba da hantsi, a daminar bana, aka kai ta makwancinta bayan azahar ana yayyafi.

Mun ɗauka zaman makokin zai zama ƙarami. Goggo yayar babana ce, ba ta bar ɗa ba, mijinta ya rasu tun ban san kaina ba, kuma ba mai yawan shiga gidajen unguwa ba ce. Baffa, autansu, ya ce tabarmin gida sun isa. Washegari rana ba ta ɗaga ba sai da aka aika aro masallaci da makwabta.

Mata ne suka yi ta shigowa, yawancinsu ba mu taɓa ganinsu ba. Wasu daga Doma a bayan a-kori-kura, wasu daga Obi, wasu daga Assakio da laka har ƙwauri. Masu doya, masu garin rogo, masu riɗi, masu busasshen kifi. Ba su san yadda ake gaisuwar mutuwa a gida irin namu ba, mu ma ba mu san tasu ba. Wata tsohuwa 'yar Tibi ta zube a tsakar gida tana kuka da yarensu, tana dukan ƙasa da tafin hannu. Matar Baffa ta zabura za ta hana ta, wai ba a yi wa mamaci haka. Inna, mahaifiyata, ta riƙo gefen zaninta.

"Ƙyale ta. Ke kin san abin da ke tsakaninsu?"

Wata mai manja 'yar Eggon ta kama hannuna ta ƙi saki. "Kai ne yarinyan Madam? Madam ya tafi fa. Yanzu in maganan banki ya zo, wa zai gaya mani gaskiya?" Na ce ta yi haƙuri, ita ma ta ce in yi haƙuri.

Daga bankin da ta yi wa aiki har ƙafafunta suka lalace, tsofaffi biyu ne suka zo, su ma an daɗe da sallamarsu. Ɗaya ya ce, "Allah Ya jiƙanta, mace ce mai wuyar sha'ani." Ɗayan ya ce, "Ai shi ya sa ba ta wuce kashiya ba." Suka sha ruwa, suka shafa fatiha, suka tafi. Baba kuwa yana zaure, ya jingina da bango, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce amin ba tare da ya ɗago ba.

Ina rubuta wannan ne don na san yadda abin yake tafiya. Bayan sadakar arba'in za a raba 'yan kayanta, a ba wani hayar ɗakin, shi ke nan. Wanda bai bar ɗa ba, sunansa ba ya daɗewa a bakin mutane. Ni kuwa duk abin da nake ci yau ta hannunta ya biyo.

Ba zan ce Goggo mai sanyin hali ba ce, don ko ita ba za ta yarda in yi mata wannan ƙaryar ba. Doguwa ce, baƙa, mai ɗaurarriyar fuska. Muna yara in muka hango baƙar lemarta ta karyo kwanar layinmu, kowa sai ya nemi abin yi. Ba ta tambayar ya gida, sai dai, "Me aka koya muku yau?" Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Amma uwar tata ta sha ranƙwashi.

Kakanmu ya zo Lafiya ne daga arewa da fataucin kanwa. Shi ne ya saka ta a boko lokacin da ba a cika sa mata ba, wai ya gaji da kai wasiƙunsa wani ya karanta masa ya ji sirrinsa. Da mijinta ya rasu ta ƙi sake aure, ta shiga banki tana buga tafireta, daga baya aka mai da ita kashiya. A kan wannan kantar ta tsufa. Yaran da ta koya wa aiki sun zama manajoji a Jos da Makurɗi, ita tana nan a tagarta ta ƙarshe, ta kusa da ƙofa, inda maigadi ke tura duk wanda ya shigo da silifas. Da ta zauna sai ta zare takalmanta a ƙarƙashin kanta, don kafin azahar ƙafafun sun kumbura.

A unguwa Goggon Banki ake ce mata, kuma ba kowa ke faɗa da yabo ba. Akwai masu cewa albashinta na kuɗin ruwa ne. Akwai gidajen da in ta aika da tuwon sadaka, kaji ake zuba wa. Ta sani, ba ta kuma daina aikawa ba. Sau ɗaya na ji ta taɓa maganar. "Ni ajiya nake karɓa, ajiya nake mayarwa. Sauran, Allah Ya fi su sanin zuciyata."

Shekarar da aka ba mu jiha, Lafiya ta cika kamar an buɗe bakin buhu. Ma'aikata suka kwararo daga Jos, haya ta yi tsada, bankuna suka shiga buɗe rassa. Duk ɗalibin da ke karanta akanta irina ya fara hango kansa a ofis mai sanyi. Ba a daɗe ba makarantarmu ta sake mu mu nemi inda za mu yi 'yan watanni muna koyon aiki. Na zaga da takardata har dunduniyar takalmina ta cinye. Ko'ina tambayar ɗaya ce: 'yar wa ce ke? In na ce babana mai sayar da yadi ne a kasuwa, sai a ce in dawo wani makon.

Na je na sami Goggo tana cin abinci. Na ce, "Goggo, ki yi wa manajanku magana mana."

Ba ta ɗago ba. "Ban taɓa roƙonsa komai don kaina ba. Ba zan fara a kanki ba."

Na tashi ina share ido. Har na kai ƙofa ta ce, "Ran Litinin ki zo da sassafe. Ki sa takalmi maras tsini, ki riƙo biro. In kin shigo kada ki gaishe ni."

"In yi me, Goggo?"

"Akwai benci a bakin ƙofa. Ki zauna a kai."

A kan bencin nan matan ƙauye ke zama, waɗanda ba su iya cika takardar ajiya ba. Sai su yi ta jira har wani ya tausaya musu, ko su biya samarin da ke rakuɓe a waje su rubuta musu. Na zauna a tsakiyarsu da birona. Kunya ta kusa kashe ni a makon farko, musamman ranar da wata 'yar ajinmu, wadda kawunta ya samar mata wuri a ciki, ta wuce ni da takalmi mai tsini ta yi kamar ba ta gan ni ba. Amma matan suka saba da ni. Da sun shigo sai ka ji, "Ina yarinya mai biro?" Na koyi sunayen ƙauyukan da ban san da su ba. Na koyi cewa in mace ta ce ba ta gane ba, yawanci ta gane, tsoro take ji.

Bayan wasu makonni manaja ya lura layin bakin ƙofa ya daina kaiwa titi. Ya sa aka kira ni.

"Wa ya ɗauke ki aiki a nan?"

"Babu kowa, yallaɓai."

"To wa ya ce ki zauna a can?"

Na saci kallon tagar Goggo. Tana ta aikinta kamar ba ta taɓa ganina a duniya ba. Na ce, "Gani na yi ana bukata."

Ya yi dariya, ya ce in kawo takardar makarantar, ya sa hannu. Da yamma na ruga gidanta da murna. Ta ce, "Na ji. Bakwai ɗinki kamar ɗaya yake, ki gyara tun kafin ki jawo wa wata asara."

Ran Asabar da kowa ke hutawa, ko in ta ɗauki hutu ya dace da ranar kasuwa, sai ta ja ni mu shiga mota. Takan tafi da wani mai hoto da farin ƙyalle, a ɗaura ƙyallen a jikin rumfa, mata su yi ta zama ana ɗauka. A lokacin banki na neman hoto, da wanda zai tsaya maka. In mace ce mai aure kuma sai a ƙara da cewa ta kawo yardar mijinta, ko da yake Goggo ta ce ta bi ƙa'idojin kaf ba ta ga inda aka rubuta haka ba. Ita take tsaya musu, har manaja ya taɓa tambayarta ko duk matan Doma danginta ne.

Tana jin yaren Alago kaɗan, Eggon kaɗan, Tibi kaɗan, duk a karye. In ta fara, matan sai su yi ta dariya suna tafawa, ita kuwa fuskar nan a ɗaure. Abin da take faɗa musu bai canja ba. "Kuɗin da ke ƙullin zani na duk wanda ya iya kuka ne. Ƙaninki ya yi kuka ki kwance, mijinki ya yi tsawa ki kwance. Ranar da ke za ki yi kuka, ki duba ba komai." Sannan ta tsuguna da tsinke tana koya musu rubuta harafin farko na sunansu a ƙasa. Wata ta ce ai dangwale ya isa. Goggo ta ce, "Dangwale ba laifi. Amma yatsa kowa na iya kama miki shi ya danna. Rubutu sai kin yarda."

Kada a ɗauka kullum ana sauraronta. Sau da yawa mun dawo ba mu samu ko mutum ɗaya ba. A Assakio wani sarkin kasuwa ya taɓa korarmu, ya ce mun zo raba mata da mazajensu. Ranar a bayan motar doya muka dawo, ruwa ya jiƙa mu sharkaf. Ta sa na ɗora mata ruwan ɗumi da gishiri, ta tsoma ƙafafun a baho ta rufe ido.

Na ce, "Goggo, ko sisi ba a ƙara miki a kan wannan wahalar."

"To in ban je ba wa zai je? Manaja?"

Cikin matan da ta buɗe wa asusu har da Inna. Inna na yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun kafin a haife ni, kuma ba a ɓoye ta buɗe ba, sai dai Baba bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai ga shekarar da kasuwa ta juya masa baya. Kayan da ya saro suka kwanta, masu shago suka matsa. Babana ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Mutum ne da ruwa ya kai wa wuya, kuma girman kai ya hana shi tambayar matarsa.

Wata safiya ina zaune a bayan Goggo ina jera takardu, sai na ga Baba a layi. Ya jira har aka zo kansa, ya sunkuyo ta taga.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau, Alhaji. Me za a yi maka?"

Da na ji ta ce Alhaji na san akwai magana. A gida sunansa take kira gatsau, ita ta goya shi.

Ya rage murya. "So nake ki duba mini abin da uwar yaran nan take da shi a wurinku."

"Mai asusu kaɗai ake faɗa wa."

"Matata ce fa."

"Na sani. Ni na kai lefenta."

"A gidana take soya ƙulin nan, Yaya. Da itacena."

"To ka koma gidan naka ka tambaye ta. Tana da baki."

Baba ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "A gaban 'yata za ki yi mini haka?"

Goggo ta ce, "A gaban 'yarka za ka tambaye ni haka?" Sannan ta ɗaga murya, "Na gaba."

Ya fita. Ta karɓi takardar mai bi masa, ta ajiye biron ta sake ɗauka.

Daga ranar Baba ya ce kada ta ƙara taka masa gida. Ni ma ya ce in bar zuwa bankin. Inna ce ta tsaya, ita da ba ta taɓa musu da shi a gabanmu ba. Ta ce, "Malam, yarinya ba ta yi maka komai ba. Ka bar ta ta ƙarasa." Bai sake hana ni ba, na ci gaba da zuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ban gane ba sai da na girma. Ba a yi sati biyu ba Inna ta yafa mayafi ta zo bankin da kanta, ta tsaya a tagar Goggo, ta ce a ba ta kusan duk abin da ta tara. Goggo ba ta tambaye ta komai ba. Ta tura mata takarda, Inna ta zana harafinta a hankali tana cije leɓe, aka ba ta. Ta kai wa Baba. A hanyar gida ni da Goggo, na kasa haƙuri.

"Goggo, to me aka yi ke nan? Kin ɓata da ƙaninki, kuɗin kuma sun tafi inda za su tun farko."

Sai da muka kai kwanar gidanta ta ce, "Da ƙafarta ta zo, da hannunta ta ba shi. Da ta ga dama da ba ta zo ba. Abin da nake faɗa a kai ke nan, Uwata, ba wani abu ba."

Shagon bai tsira ba duk da haka. Baba ya koma ɗan tebur a bakin kasuwa. Shi da Goggo kuwa suka yi shekaru ba sa ga maciji. In an haɗu a suna ko jana'iza sai kowa ya kalli gabansa. Da Sallah Inna takan zuba mata abinci ta ba ni in kai, Baba yana gani ya kau da kai. Goggo takan buɗe kwanon ta tambaye ni, "Yana shan maganin hawan jininsa kuwa?" In na ce ta tambaye shi da kanta, sai ta ce in rufe mata baki.

Tsohuwar nan 'yar Tibi da ta yi kuka a tsakar gidanmu, ni na san abin da ke tsakaninsu. Lokacin da rikici ya tashi a ƙauyukan kudu da mu, mutane suka yi ta gudowa Lafiya da abin da ke jikinsu kawai. Na gama makaranta a lokacin, bankin ya ɗauke ni aikin wucin gadi. Wata rana matar ta shigo ba takalmi, da jikanta a baya. Daga wajen Obi take, mai doya ce, Goggo ce ta buɗe mata asusu. An ƙone gidan, littafin bankin ya ƙone, ba ta da wata shaida. Akawun da ta fara samu ya ce ba abin da za a iya yi sai ta kawo takarda daga mai unguwarsu. Mai unguwar da shi ma ba a san inda ya gudu ba.

Goggo ta taso daga tagarta, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta shiga ofishin manaja. Muna jiyo ta daga waje. "Na san ta. Ni na riƙe mata ƙyalle aka ɗauki hoton da ke cikin fayil ɗinku. In ƙarya ne ku kore ni." Manaja ya ce ta rubuta haka ta sa hannu. Ta rubuta, aka ba matar kuɗinta.

Da aka tashi aiki ta tarar da matar zaune a bakin titi, ba ta san inda za ta ba. Ta ɗauke ta zuwa gida. Garin a lokacin kowa na zargin kowa, makwabta suka yi ta ƙananan maganganu, har wani dattijo ya zo ya ce mata ta yi tunani. Ta ce ta gode, ta yi tunanin. Matar da jikanta suka zauna a ɗakinta har ƙura ta lafa. Ran Lahadi Goggo takan raka ta har kusa da cocinsu, ta tsaya nesa da lemarta ta ga ta shiga, sannan ta juyo.

Da ma a nan labarin ya tsaya. Amma sai aka zo haɗe bankuna, wani babba ya haɗiye namu. Aka kawo kwamfutoci da samari masu ɗaure wuya. Aka ce duk asusun da abin cikinsa bai kai kaza ba, ko dai a cika ko a riƙa yankar caji har ya mutu. Yawancin matan Goggo a nan suka faɗa. Ita kanta aka ba ta takardar sallama a wata Juma'a, tare da agogon bango. Ni aka riƙe ni saboda na iya kwamfuta. Na taya ta ɗaukar filas ɗinta da dardumarta, muka fito ta ƙofar da ta saba, maigadi kaɗai ya ce mata Allah Ya sa a gama lafiya.

Ba ta zauna ba. Ta bi kasuwannin nan ɗaya bayan ɗaya da kuɗin motarta, tana gaya wa matan su je su kwashe abinsu kafin a cinye. Wasu sun ji da wuri. Wasu labarin ya same su a makare. Ina tare da ita a Doma ranar da wata mai garin rogo ta tsaya a gabanta tana huci.

"Madam, ke kin ce mu kawo. Kin ce wurin ya fi zani. Yanzu ina kuɗi na?"

Goggo da ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba, ta tsaya kawai tana sauraro har matar ta gama. Ta ce, "Ni na ce. Ki yi haƙuri." Daga wannan tafiyar ne na ga ta fara tsufa da gaske.

Ni kuma aka mai da ni sashen nemo masu ajiya. Aikin shi ne bin ofisoshin gwamnati da 'yan kwangila, a yi ta murmushi har kumatu su gaji. Duk taron da aka yi sai na kawo maganar matan kasuwa, har abokan aiki suka sa mini suna Uwar Mata, ba kuma da yabo ba. Da ƙyar, bayan an canja manaja, aka yarda da wani ƙaramin asusu da ba a yanka, aka ba ni tebur a bakin ƙofa rana ɗaya a mako. Na je na faɗa wa Goggo ina jiran ta yi murna. Ta ce, "Rana ɗaya. To, ya fi babu. Sai dai yanzu kafin su sake yarda, za ki sha magana." Na kuwa sha. Har yau ina sha.

Ciwon suga ya ci idonta a hankali. Duk da haka barandarta ba ta rabuwa da mata. Waya ta yawaita, banki ya koma aiko da saƙo, su kuma ba su iya karantawa ba, ba su kuma yarda 'ya'yansu su karanta musu ba. Sai su kawo wa Madam. Takan kai wayar dab da hancinta, ta karanta, ta raɗa wa mai ita a kunne ko da su biyu ne kawai a wurin. Da idon ya ƙi gaba ɗaya sai ta ce su riƙa zuwa da yamma in na taso aiki. Har wadda ta yi mata faɗa a Doma ta dawo. Ba wadda ta tayar da zancen.

Ranar da ta faɗi a banɗaki, makwabciyarta ta rasa wanda za ta kira sai Baba. Na iso na tarar ya riga ya ɗauke ta a mota, yana riƙe da kanta a cinyarsa. Kwanakin da ta yi a asibiti kullum yana can, zaune a kujerar roba, yana kore mata ƙuda da hularsa. Ban ji wanda ya ba wani haƙuri ba. Abin da na ji shi ne wata rana ya ce, "Yaya, kin cika taurin kai."

Ta ce, "Nono ɗaya muka sha."

Sai suka shiga hirar wani karen makwabta da ya taɓa bin su suna yara, suna gardamar waye ya fara gudu. Inna ta ja ni muka fita waje, ta zauna a dakali ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba.

An sallamo ta, ta yi 'yan kwanaki a gida. Ranar Talata, ana gobe za ta rasu, na biya bayan aiki, ko kayan ofis ban cire ba. Tana kwance ta juya wa taga baya. Ta gane takuna.

"Uwata, zo nan. Yau wa ya zo teburin naki?"

Na faɗa mata. Wata mai kifi ta buɗe asusu, wata ta zo ta yi tambayoyi ta tafi ta ce za ta yi shawara.

"Ba za ta dawo ba," in ji ta. Ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Ki faɗa mini gaskiya. Duk yawon nan da muka yi, an yi wani abu kuwa?"

Na ce, "An yi mana, Goggo. An yi babban abu. Duk garin nan an san..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. "Ba ki iya zuƙi ba. Shi ya sa ke ma ba za a ba ki manaja ba." Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Na ba ta ruwa ta kurɓa. "An dai yi ɗan abin da aka yi. Ja mini labulen nan, zan ɗan kwanta."

Na ja labulen, na gyara mata mayafi, na fito a hankali don kada ƙofar ta yi ƙara.

Ya Allah, baiwarKa ce, Ka fi mu sanin abin da ta ɗauka da abin da ta sauke. Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka karɓi abin da ta yi da ƙafafunta. Ka yalwata mata wurin kwanciya, Ka bar ta ta huta. Mu da muka rage, Ka ba mu ƙarfin tashi gobe da safe.